Jan Fenti a Jikin Gawo

Ranar kasuwar Gidan Rumji ce, ina ɗan shekara goma sha bakwai, na fito daga gidan kawuna da niyyar sayen ɗan littafin soyayya irin waɗanda ake kawowa daga Kano. Tayar kekena ta sace a bakin gulbi, kusa da wani shingen ƙaya. Na leƙa ciki ko zan sami mai ara mini famfo. Ban ga kowa ba, sai baƙaƙen ledoji jere sahu-sahu kamar masallata. A cikin ɗayansu wani ɗan tsiro ya ɗago kai, ɓawon irinsa na bisa kansa, kamar amaryar da ba ta gama yaye lulluɓi ba. Na tsuguna ina kallo. Littattafan da na karanta duk sun ce kallo ɗaya ke kama zuciya, amma na ɗauka sai a bakin rijiya ko a dandali abin ke faruwa.

"In sata ka zo yi, jira shi girma," in ji wata murya a bayana.

Baba Ɗan Jimo ne, mai lambun, wani tsoho mutumin Tibiri da ke rainon ƙananan itatuwa yana sayarwa. Na ce masa famfo nake nema. Ya ce ba shi da famfo, amma ga arozuwar, wato butar ban ruwa mai bakin rariya, tunda na iya tsugunno. Ranar ban je kasuwa ba. Shekara shida na yi a hannunsa.

Ku ɗaliban jami'a da kuke zuwa mini duk damina da huluna iri ɗaya, na san abin da kuke faɗa in kun koma mota. Kuna cewa aikin Baba Isuhu, wato ni, ai tona rami ne, a jefa dashe, a rufe, a ɗauki hoto. Ban ga laifinku ba. Kuna zuwa ranar biki ne, ba ku ga neman auren ba.

Aikin farko da Baba Ɗan Jimo ya ba ni shi ne cika leda. Yashi, ƙasar gona, da takin da ya ruɓe har ya daina wari. In takin ɗanye ne ya ƙone saiwa, in ƙasar ta yi yawa ta daskare kamar tubali. Na cika ledoji tun hantsi har la'asar, ina ji da kaina. Ya zo ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana danna babban yatsa, ya zazzage su duka. Ya ce, "Ka cika kamar mai auna hatsin bashi. Saiwa ta ina za ta sha iska?" Washegari na sassauta hannu, ya sake zazzagewa, wai yanzu kuma ruwa zai wuce kamar baƙon da bai ga wurin zama ba. Sai a mako na biyu ya danna, ya wuce bai ce komai ba. Shirun nan shi ne yabonsa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Arozuwar, burweti, wato baron ɗaukar taki, zana ta yin inuwa, toka don gara, da wata 'yar wuƙa da ba a yanka komai da ita sai reshe. Da ita ake auren mangwaro: ka yanko reshen uwa mai daɗin 'ya'ya, ka tsaga kan ɗan dashe mai ƙarfin saiwa, ka haɗa su, ka ɗaure da tsinken leda. Wannan aikin na fi so, don ni ne waliyyi ni ne liman. Bayan mako uku in ka ga toho, aure ya ɗauru. In reshen ya yi baƙi, ka kwance ka sake nema masa wata.

Gawo kuwa shi ne mai wuyar kai. Irinsa na da taurin ɓawo, in ka shuka shi haka nan sai ya kwana a ƙasa wata da watanni. Baba Ɗan Jimo ba ya jiƙa shi a ruwan zafi kamar yadda ma'aikatan gandun daji ke koyarwa. Garken tumaki yake tura ni in tsinto irin daga cikin kashinsu, don cikin dabba ya riga ya lallashe shi. In ya tsiro, saiwarsa ta fi kansa sauri, kullum ƙasa take nema. Duk mako biyu sai ka ɗaga kowace leda ka sauya mata wuri, in ba haka ba saiwar ta huda ta kama ƙasa, ran da ka zo ɗauka ka tsinke ta. Ranar dashe kuma dole a yanke gindin leda, a tsaga gefenta, a zare ta gaba ɗaya. Ku riƙe wannan.

Da na koma ƙauyenmu, tsakanin Agiye da Gangara, maigari ya ara mini wani fili kusa da tsohuwar rijiya. Masu sayayyata mata ne masu son zogale a bayan ɗaki, da alhazai masu son mangwaron aure, sai direktan lakol, wato shugaban makarantar boko, da ke karɓar dogon yaro duk shekara, awaki na cinyewa duk shekara. Rijiyar gaba ashirin ce da wani abu. Da guga nake ja, ni da jakina, kuma ita ce iyakar lambun: abin da hannuna ya iya jawowa, shi ne yawan dashen da zan raina.

Wata rana da rani farar mota ta tsaya a bakin shingena. Wani siririn mutum mai tabarau ya fito, ya ce sunansa Dokta Mahamadu, malami ne a jami'ar gwamnati, fannin itatuwa. Ya zauna bisa burwetina ya yi mini bayani. Ya ce jami'arsu na ƙona gazuwal, wato man dizal, da yawa: ga babban injin wuta, gurup, da ke ruri duk lokacin da lantarki ya ɗauke, ga manyan motocin ɗalibai, ga na malamai. Hayaƙin nan akwai wata iska a cikinsa mai suna karbon, ba ta ɓacewa, sama take taruwa ta lulluɓe duniya kamar bargo. Ita ke ƙara zafi, ita ke rikita damina. Shugabannin jami'a sun yi alkawari a gaban jama'a cewa za su rage ƙona mai, su sa faifan hasken rana bisa rufin azuzuwa, abin da ya saura na hayaƙin kuma su raini itatuwan da za su shanye shi, don itace da wannan iskar yake gina jikinsa.

Na ce, "Dokta, wato ku ku yi ɓarna a birni, icce shi yi wanki a ƙauye?"

Ya yi dariya har tabaransa ya zame. Ya ce, "Kusan haka ne, Malam Isuhu. Amma mai wanki ma ana kula da shi."

Suka sa mini famfo mai aiki da rana a rijiyar. Ran da ruwa ya fara fitowa daga tiyo ba tare da na ja guga ba, na tsaya ina kallonsa yana sheƙi, na ce ashe haka masu littafi ke nufi in sun ce azurfa na gudu. Matan unguwa ma suka huta da ja, suna tara tulunansu da safe in na gama ban ruwa.

Shekarar farko ita ce mummunar shekara, kuma da hannuna a ciki. Buro, wato ofishin jami'a, ya ce a yi dogon yaro da itacen turare, masu saurin tashi, a dasa su rana ɗaya a gaban baƙi. Ɗalibai suka zo mota biyu, da makaɗa, da masu ɗaukar hoto. Ina tsaye na ga suna jefa dashe cikin rami da ledarsa, suna turbuɗewa da ƙafa. Na buɗe baki, sai na ga manyan mutane da manyan riguna suna tafi, na ji kunyar in gyara wa masu ilimi aiki a gaban shugabanninsu. Na yi shiru. Ruwa kuma ya ɗauke da wuri a shekarar. Kafin tsakiyar rani filin ya koma tsinke-tsinke.

Dokta Mahamadu ya dawo shi kaɗai. Ya tona ɗaya, ya fito da saiwar ta naɗe cikin leda kamar maciji a tulu. Ya daɗe yana juya ta. Bai yi mini faɗa ba, ya ce, "In gonarka ce, mi za ka dasa?"

Na ce gawo. Na ce kuma ba fili guda ba, cikin gonakin mutane, don manomi ba ya ƙin gawo, ya san hatsin da ke ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina tsawo. Shi zai yi masa shinge, shi zai kore akuya. Dokta ya koma ya yi ta fama da buro har suka yarda, amma da sharaɗi a rubuce: in aka sake asara irin wannan, za a kwance famfon a kai wani gari.

Na raini gawon nan kamar 'ya'yan fari. Ni da masu gonaki muka dasa, kowace leda da hannuna na zare ta. Duk watan Agusta, lokacin hutun ɗalibai, Dokta yakan zo da su su duba. Yana da takarda mai gida biyu da ya tsara tun zamanin dogon yaro: mai ganye, a rubuta rayayye, marar ganye, matacce. Shekara huɗu takardar ba ta yi ƙarya ba, don ƙaramin gawo da ganyensa yake damina da rani.

A damina ta biyar Dokta ya tafi ƙarin karatu ƙasar waje. Buro ya turo ɗalibai uku daga fannin tattalin arziki, shugabarsu wata yarinya mai suna Nafisa, haifaffiyar Yamai, ba ta taɓa kwana a ƙauye ba. Da wannan aikin za ta rubuta takardar gama karatunta. Ta zo da gwangwanin jan fenti.

A shekarar ne gawona suka balaga. Kowa a ƙasar nan ya san halin babban gawo: in ruwa ya sauka, duniya ta yi kore, shi sai ya tuɓe ganyensa ya tsaya fari fat, sai damina ta wuce ya sake sutura. Ni murna nake, don alama ce saiwa ta kai ruwan ƙasa. Muka shiga gonar farko, hatsi ya kai ƙirji, ga gawo tsaye ba ganye ko ɗaya. Nafisa ta tsoma buroshi ta shafa masa ja.

Na ce, "Ɗiyata, wannan na mi ne?"

"Alamar matacce ce, Baba."

"Wa ya mutu?"

Na kankare ɓawon da farce na nuna mata kore shar a ciki, da danshinsa. Ta duba da kyau, ba ta raina ni ba. Ta ce, "Na gani, Baba. Amma icce in ya fara mutuwa ai ba rana ɗaya yake bushewa ba. Takarda ganye ta tambaya. Ba ni da gidan da zan rubuta ɓawo."

Ardo Buba, Bafulatanin da ke sauka da shanunsa a gonakinmu duk rani, yana wucewa ta burtali ya ji mu. Abokin wasana ne. Ya dogara da sandarsa ya ce, "Kaɗo, yau kuma mi ka shuka bai fito ba?" Da na gaya masa, ya dubi Nafisa ya ce, "Yarinya, wannan icce barci takai. Ka dawo da rani. In duniya duk ya bushe, ita ke ba nagge abinci."

Nafisa ta yi murmushi ta ce masa, "Baba, ka taɓa ganin icce mai barci da damina? Ko a littafi ban gani ba." Ta ƙara da cewa an gargaɗe su tun a buro, mutanen ƙauye za su yi ta kawo dalilai don kada a ɗauke famfo. Ba da rashin kunya ta faɗa ba. Ita dai an ba ta amana ne, ta riƙe. Kwana uku tana bin gonaki, ina biye da ita ina riƙe mata gwangwanin, don hannunta ya gaji kuma baƙuwata ce. Da hannuna na ɗauki fentin da aka kashe itatuwana da shi.

Bayan wata guda saƙo ya iso wurin maigari: in an gama girbi mota za ta zo ta kwance famfo. Na nemi lambar Dokta, ba ta shiga. Na kira buro, wani ya ce mini abin da ke rubuce shi ne ke rubuce. Shaidata ɗaya ce, ganye, shi kuwa ba ya fitowa sai ruwa ya ɗauke.

Ruwan shekarar kuma ya ƙi ɗaukewa. Wake na ta yaɗo, dawa na cika ido, mutane na fitowa masallaci suna hamdala. Ni kaɗai a garin nan in na ga hadari ya taso daga gabas sai gabana ya faɗi. Liman na roƙon Allah Ya ƙaro, ina cewa amin a hankali. Allah Ya yafe mini. Ardo Buba ya gane ni, duk inda muka haɗu sai ya ce, "Kaɗo, in faɗa ma maigari kai ne ke korar hadari?"

Kullum da safe sai na zaga gonaki ina duba rassa. An fara yankan hatsi, an fara ɗaure dammuna, ba komai. Sai wata safiya a gonar maigari na ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle a jikin reshe, ƙanana kamar ƙwayar gero. Bayan kwana biyar suka buɗe. Ganyen gawo sabo ba kore sosai ba ne, yana da wani fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Ban taɓa ganin adon da ya kai shi ba. Na zaɓi wani reshe na ƙasa wanda fentin ya zubo a kansa, dama na sassabewa ne, na yanke shi da 'yar wuƙata, na naɗe gindinsa da jiƙaƙƙen buhu, na shiga motar haya a Agiye. Yaron mota ya ce in biya wa reshen kujera tunda ƙayarsa ta kori mutum biyu.

Ranar na fara ganin jami'ar da nake wa aiki. Na ga faifan rana jere bisa wasu rufin, wasu rufin kuma ba a kai gare su ba. A bayan wani gini na ji ruri, na leƙa na ga gurup ɗin, ya kai ɗaki girma, yana tofar da baƙin hayaƙi. Na tsaya na ce masa, ashe kai ne. Shekara shida ina wanke maka kaya ba mu taɓa gaisawa ba.

Na sami Nafisa a bakin wani aji tare da ƙawayenta. Na miƙa mata reshen. Ta dubi ganyen, ta dubi jan fentin, ta sa yatsa ta taɓa shi. Ta ce, "Duka, Baba?"

"Duka. Sai ɗai-ɗai da gara ta ci tun bara, su kam kin yi gaskiya."

Wata ƙawarta ta ja ta gefe tana magana ƙasa-ƙasa, amma na ji. An riga an karɓi takardarta, an ba ta maki mai kyau, saura 'yan makonni a ba ta shaidar gamawa. In ta ce aikin kuskure ne, sai ta sake shi daga farko, shekara guda ta tafi. Ƙawar ta ce, "Ke kika tsara takardar? Abin da aka ce ki duba kika duba. Ki bar tsohon nan ya je buro da kansa." Ni ma na ce mata haka. Na ce ta nuna mini ƙofa kawai.

Ta ce, "Ba za su saurare ka ba, Baba. Ni na shafa fentin." Ta karɓi reshen, ƙaya ta soke ta, ba ta saki ba.

Muka shiga wani buro mai sanyi, mutum huɗu zaune, su ne masu kula da alkawarin jami'a. Ta aza reshen bisa tebur ta yi ta magana da Faransanci. Ban ji komai ba sai kalma ɗaya da ta faɗa da Hausa, gawo. Babbansu, wani mai furfura, ya cire tabarau ya juyo wurina ya ce, "Malam, itatuwan nan gawo ne?" Na ce gawo ne, ranka ya daɗe. Ya riƙe baki. Ashe ɗan ƙauye ne daga wajen Gazawa, a gindin gawo ya yi kiwo. Takardar ba ta taɓa faɗin sunan itace ba, rayayye da matacce kawai take kawo musu. Ya ce, "Gawo muka aika a duba da damina? Kai, rashin sani ya fi dare duhu. In tsohona ya ji wannan sai ya ce a maido mishi kuɗin lakol."

Motar kwance famfo ba ta zo ba. Aka mai da duban itatuwa zuwa rani, aka ƙara wa takarda gidan suna da gidan kaurin gindi, wanda ake aunawa da igiya daidai ƙirji. Dokta Mahamadu da ya dawo ya ce laifin nasa ne, ya zo har lambu ya faɗa. Ban sani ba ko gawona sun shanye hayaƙin gurup ɗin nan, wannan ku ne masu lissafinsa, kuma na ji har yanzu yana ruri in wuta ta ɗauke. Abin da na sani, tiyo na zuba, hatsi na tsawo a gindinsu, shanun Ardo na samun abin ci a watan da ba komai. Na gode wa Allah, na gode wa wanda ya zazzage mini ledoji.

Nafisa ta maimaita shekarar. Da rani ta dawo, ta bi gonakin nan ɗaya bayan ɗaya, wannan karon da igiyar awo, ta sauka a ɗakin matata. 'Yan ajinsu suka riga ta fita, aikin da ta sa rai a Yamai wata ta samu. Ba ta zama ma'aikaciyar itatuwa ba. Yanzu tana can gabas mai nisa, a wani buron kula da rijiyoyin ƙauyuka, ta yi aure, 'ya'yanta biyu. An ce in aka kawo mata takarda daga ƙauye ba ta sa hannu sai ta tambayi watan da aka rubuta ta.

Ba ta sake zuwa garinmu ba, hanya ta yi nisa. Amma duk shekara, in ruwan farko ya sauka, wayata sai ta yi ƙara. Ko sallama ba ta gamawa.

"Baba Isuhu, sun mutu?"

In ce, "Sun mutu ƙurmus, ɗiyata. Ko ganye ɗaya babu."

Ta ce, "Alhamdu lillahi."